Tambayoyin da ake yawan yi mana kan barin shaye-shaye da bin Yesu a nan Legas

Salama a gare ku 'yan'uwa. Mu 'yar ƙaramar zumunta ce da muke zama bayan an tashi sujadar Hausa ran Lahadi a nan gefen Agege, akwai 'yan Kudancin Kaduna, akwai 'yan Filato, Tangale, Zuru, Adamawa, wasu masu gadi ne, wasu dako suke yi a Mile 12, wasu kuma tsofaffin 'yan acaba ne kamar ni. Abin da ya haɗa mu shi ne duk mun taɓa zama bayin wani abu da ake sha ko ake haɗiya, kuma mun gane in ba Yesu ba da tuni an manta da mu. Tambayoyin nan su ake ta maimaita mana, a waya da kuma a ƙofar coci cikin raɗa, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya.

Wai shi shaye-shayen nan zunubi ne, ko ciwo ne, ko aljani ne?

Da wannan kowa yake farawa, musamman iyaye mata. Ni dai yadda na gani a jikina, ranar da na fara haɗiyar tiramol ba wanda ya ɗura min, ni na miƙa hannu na karɓa, to wannan kam akwai alhakina a ciki kuma sai da na tuba. Amma bayan shekara biyu abin ya wuce maganar na ga dama ko ban ga dama ba, ƙwaƙwalwa ta saba, jiki ya saba, in ban sha ba gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi, zawo, ga baƙin rai. Wannan ɓangaren ciwo ne kuma likita ya san shi. Shaiɗan kuma ba ya hutu, duk inda ya ga ƙofa a buɗe zai shiga. Hausa ma ta sauƙaƙa mana, kalma ɗaya muke amfani da ita, jaraba. Wanda ya kasa barin abu mu ce jarababbe ne, abin da Shaiɗan ke kawowa ma mu ce jaraba. Matsalar ita ce mutum ya riƙe ɗaya ya watsar da sauran. Mai cewa aljani ne kawai zai yi ta kai yaro wajen addu'ar kora har shekara biyar bai taɓa ganin likita ba, mai cewa ciwo ne kawai kuma ba zai taɓa ce wa matarsa yi haƙuri ba.

Na karɓi Yesu, har baftisma an min. To me ya sa har yanzu raina yake biya min?

Don baftisma ba ta canja maka ƙwaƙwalwa ran da ka fito daga ruwa. Akwai waɗanda Allah ya cire musu sha'awar dare ɗaya, na ji shaidarsu kuma ban ƙaryata ba, amma yawancinmu ba haka aka yi da mu ba, kuma abin da ya dame ni shi ne irin waccan shaidar kaɗai ake ba makirfo a coci, sai wanda yake fama a hankali ya ɗauka shi nasa ceton jabu ne.

Je ka karanta Romawa 7 daga aya 15 zuwa ƙarshe. Manzo Bulus da kansa yana kukan cewa nagarin abin da yake so ya yi ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake samun kansa a ciki. Duk ɗan shaye-shaye in aka karanta masa wurin nan sai ya ɗago kai. Sannan ka duba labarin Li'azaru a Yohanna 11, wurin nan shi ne ya riƙe ni. Yesu ya kira shi, ya fito daga kabari da ransa, amma ya fito ne a naɗe da likkafani hannu da ƙafa har fuska, sai Yesu ya juya ya ce wa mutanen da ke tsaye su kwance shi. Rai kam Yesu ne ya bayar, ba wanda ya taya shi. Kwancewar kuma sai ya sa a hannun mutane. Kai ma kana da rai ɗan'uwa, likkafanin ne ba a gama warwarewa ba, kuma ba ka iya warware shi da kanka tunda hannunka na ciki.

Addu'a kaɗai ba ta isa ba? Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne?

Bangaskiya harsashi ce. Duk wanda ya taɓa leburanci a wajen gini a Lekki ko Ajah ya san yadda ake zuba kuɗi a ƙasa kafin a ga bulo ɗaya a sama, don ƙasar ruwa ce, in harsashi bai zauna ba komai kyan bene zai nutse. Amma kuma ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma a kan harsashi ya ce ya tare ba. Sai an yi bango, an yi rufi. Likita, magani, zumunta, sana'a, barci mai kyau, su ne bangon.

Luka da ya rubuta bishara likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Da sarki Hezekiya ya yi ciwo Allah ya ce zai warkar da shi, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Basamariyen nan mai kirki bai tsaya ya yi wa mutumin addu'a ya wuce ba, ya ɗaure raunin, ya ɗora shi a dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi. In wani ya ce maka shan maganin asibiti raina Allah ne, tambaye shi ko shi in maleriya ta kwantar da shi azumi yake shiga.

Zan iya yankewa lokaci ɗaya, in kulle kaina a ɗaki in yi azumi kwana uku?

Dan Allah kar ka yi wannan ba tare da likita ba, musamman in giya ce kake sha kullum, ko ogogoro, ko 'yan ledan nan na tasha, ko kuma ƙwayoyin sa barci irin su roci da diyazafam. Waɗannan in aka yanke su farat ɗaya suna iya kawo farfaɗiya da ruɗewa da gane-gane, in giya ce yawanci a kwana na biyu zuwa na uku, kuma mutum na iya mutuwa. Sai a ga yana rawar jiki yana ganin abubuwa a bango a ce aljanin ne yake fita, alhali jikin ne ke neman agaji. Tiramol da kodin su kuma wahalarsu kamar za ka mutu, shi ya sa mutane da yawa ba sa kai kwana huɗu suke komawa. A asibiti akwai yadda ake rage abin a hankali da maganin da ke sassauta wahalar. Azumi yana da lokacinsa, ba a makon farko ba. Ka tuna Iliya da ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, ya bar shi ya yi barci.

In mutum ya faɗi yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi ƙasa ba ya farkawa, a kira 112 ko 767, a kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa manja ko madara a baki.

Ina zan je a Legas?

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda ake ce wa Yaba Left, suna da sashen masu shaye-shaye. Na san sunan kaɗai yana tsorata mutane, ana ganin wurin mahaukata ne, amma mutane da hankalinsu suke zuwa su ga likita su koma gida. Asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja su ma suna da likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Aro a Abeokuta in ba ka son a gan ka kusa da gida. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana da layin kyauta na neman shawara, 0800 1020 3040. Ta ɓangaren Kirista akwai CADAM na cocin Redeemed da ke da wurin kwantar da mutane a Epe, akwai kuma House of Refuge na Freedom Foundation. Duk inda za ka, ka tambayi abu uku kafin ka biya ko sisi: akwai likita ko nas da ke duba mutane? Ana barin dangi su zo ziyara? In mutum ya fito wa zai ci gaba da bibiyarsa?

An ce mana akwai gidan addu'a da ake ɗaure su da sarƙa har su warke.

Kar ku kai shi. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure mutane da mari a ƙasar nan, a wuraren Kirista da na Musulmi da na gargajiya duka, abin ba kyan ji. Mutumin Garasinawa a Markus 5 an sha ɗaure shi da sarƙa ba ta yi komai ba, Yesu kuma bai ƙara masa wata ba.

Su matakai 12 ɗin nan da ake faɗa, na Kirista ne?

Asalinsu daga ƙungiyar mashaya masu son dainawa ne da ake kira AA, wadda Bill Wilson da wani likita Bob Smith suka fara a 1935 a garin Akron na Amurka. Su biyun sun fito ne daga wata zumuntar Kirista ta lokacin, Oxford Group, shi ya sa in ka duba matakan za ka ga abubuwan da muka sani: ka yarda ka kasa, ka miƙa kanka ga Allah, ka binciki zuciyarka, ka furta laifinka ga wani, ka biya waɗanda ka cuta, ka taimaki na bayanka. Sai dai su ba su kama sunan Yesu ba don kowa ya iya shiga. A 1991 wani John Baker a cocin Saddleback da ke Kalifoniya ya fara Celebrate Recovery, su kam ƙarara suka ce Yesu Kristi. Mu a zamanmu muna ɗaukar abin da ya yi daidai da Littafi. Wanda ya fi ba mutane wuya shi ne na biyan waɗanda ka cuta, don kuka a gaban bagade ya fi sauƙi a kan ka je ka ce wa ƙanwarka ni ne na sayar da wayarki. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya a murna ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu.

Dole ne sai na faɗa wa wani? Allah ai ya sani.

Ya sani mana. Amma Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a don mu warke. Abin nan a ɓoye yake ƙiba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba cewa muka yi ka tashi a tsakiyar sujada ka tona wa kanka asiri ba, mutum ɗaya ko biyu masu riƙe magana sun isa, wanda za ka iya bugo wa ƙarfe biyun dare ka ce yau fa abin ya taso.

Na san tsoron da ake ji, horon coci. Kar a sa ka a bencin baya, a hana ka cin jibi, labari ya riga ka isa ƙauye, don Legas ɗin nan da girmanta 'yan garinku duk coci ɗaya kuke. Nan kam bari in faɗa wa dattawanmu gaskiya cikin ladabi: Baba, in yaro ya kawo kansa ya ce a taimake shi, ba a kama shi ba, ba a kawo ƙararsa ba, sai aka amsa masa da sanarwa a gaban jama'a, to sauran goman da ke zaune suna kallo sun koyi darasi, ba wanda zai ƙara buɗe baki. Galatiyawa 6:1 cewa ta yi a komo da shi cikin tawali'u, kana lura da kanka kai ma.

Na yi wata shida ban taɓa ba, jiya na koma. Shi ke nan Allah ya gaji da ni?

Bai gaji ba. Wata shidan nan ma ba su zube ba, jikinka ya huta, ka koyi abubuwa, ka ga zai yiwu. Masu binciken lafiya a Amurka sun ce kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye sukan koma a wani lokaci, kusan kamar yadda mai hawan jini yake sakaci da magani abin ya tashi. Karin Magana 24:16 ta ce adali yakan faɗi sau bakwai ya tashi. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku a bakin wuta, Yesu ya sake hura wata wutar a bakin teku, ya gasa masa kifi, sai da ya ci sannan aka yi maganar.

Amma ka ji wannan da kyau: bayan ka daɗe ba ka sha ba jikinka ba zai ɗauki adadin da ka saba ba, wanda da yake sa ka caji yanzu yana iya tsayar maka da numfashi. Mutane da yawa a ranar komawa suke tafiya. Ka kira wani yau, kar ka ce sai ka gyaru tukuna za ka dawo coci. Sannan ku zauna ku bi sawun abin, ina ka je, wa ka gani, kuɗi ne suka shigo, faɗa kuka yi da madam, ko kaɗaici ne.

Giya kaɗan fa? Ai Bulus ya ce wa Timoti ya sha. Mu a gida burkutu abinci ne.

Timoti ciwon ciki yake yi, kai kuma fa? Ikilisiyoyi sun sha bamban kan wannan, Katolika ba su hana ɗan kaɗan ba, su ECWA da COCIN kuwa ba sa so ko kusa, buguwa dai kowa ya yarda an hana, Afisawa 5:18. Ba zan raba wannan gardamar ba. Amma kai da ka san kwalba ɗaya ba ta taɓa tsaya maka a ɗaya ba, ba kai ake wa wannan muhawarar ba. Lokacin Kirsimeti in an koma gida a nan aka fi zubewa, ka shirya amsarka tun a mota.

In ban sha ba ba na iya aiki. Da me zan ci abinci?

Wannan ita ce tambayar gaskiya, kuma duk wa'azin da bai taɓa ta ba bai san Legas ba. Ba wanda ya fara tiramol don nishaɗi a cikinmu, mai gadi yana so ya kwana ido biyu, mai dako yana so ya sauke buhun albasa ɗari, ɗan acaba yana so ya yi awa goma sha huɗu a rana. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, wanda ake sayarwa a bakin titi kuwa 200 ne, 225, har 250, kuma shi kansa yana kawo farfaɗiya, ka yi tunanin ta kama ka a kan babur. Da gwamnati ta hana acaba a watan Yuni 2022 a su Ikeja, Surulere, Apapa da sauransu, aiki ya tafi amma jarabar ba ta bi shi ba, zaman banza ya ƙara mata ƙarfi.

Makonnin farko ƙarfinka zai ragu, kuɗin shiga zai ragu, ba zan ɓoye maka ba. Amma ɗauki biro ka lissafa nawa kake kashewa a ƙwaya a wata. Nan ne kuma ikilisiya ya kamata ta nuna ita jiki ɗaya ce, a zumuntarmu mukan haɗa ɗan abin da ya samu mu riƙe wa mutum abinci na sati biyu, wani ya karɓar masa gadin dare. In aikin ne kansa ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, to a fara neman wani, ko da kuɗinsa bai kai ba. Haka tashar da ka saba zama, ka canja ta, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ɗana ne yake sha. Na yi kuka, na yi azumi, na gaji.

Sannu Mama. Ba ke kaɗai ba ce, binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suke ta'ammali da ƙwayoyi, kuma yankin Kudu maso Yamma da muke zaune shi ne kan gaba. Ki ci gaba da addu'a, amma ki daina ba shi kuɗi a hannu, abinci ki ba shi a kwano. Ki daina biyan bashin da ya ci, ki daina yi masa ƙarya a wajen maigidansa. Ki yi masa magana da safe lokacin da idonsa ya washe, ba lokacin da ya shigo a buge ba, kuma ban da zagi da baki, kin san nauyin bakin uwa. Uban nan na Luka 15 da ɗansa ya bar gida bai bi ɗan da kuɗi zuwa ƙasa mai nisa ba, amma kuma bai rufe ƙofa ba. In yana dukanki ko yana barazana ga ƙannensa, ki nemi dattawa da hukuma, haƙuri bai ce ki zauna a illata ki ba. Ke ma ki samu mata biyu a zumuntar mata da za ki riƙa sauke nauyin a wajensu.

Ni mace ce, ina jin kunya in zo cikin maza.

A binciken nan na 2018, duk mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce, sai dai ba a ganinsu a wajen jinya don kunya. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a watan Mayu 2018, a cikin ɗaki aka fi shan sa, a juye a robar lemo. 'Yar'uwa ba sai kin zauna da maza ba, akwai mata da suka bi hanyar nan, da su za a haɗa ki.

Ta yaya zan san ina girma a ruhaniya, ba daina sha kawai na yi ba?

Tambayi matarka, ko wanda kuke ɗaki ɗaya. Akwai wanda ya daina sha amma ya fi da masifa, kowa a gidan yana tafiya a kan yatsu. Jerin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5 da ƙauna ya fara, kamunkai ne ya zo ƙarshe, mu kuma kullum ta ƙarshen muke so mu fara. Ni alamomin da na fi yarda da su ƙanana ne. Ka fara faɗin gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi. Kuɗin makarantar yara ya kwana a aljihunka ya kai safe. An ɓata maka rai a go-sulo ka iso gida ba ka biya ta wajen mai shago ba. Addu'arka ta tashi daga Allah ka fitar da ni yau kaɗai ta koma hira. Karatun Littafi kuma kar ka ɗauko babi goma, Zabura ɗaya da safe ta isa, 51 ko 103 ko 40, in karatu na ba ka wuya akwai na saurare da Hausa a waya. Ka lura kuma kar jarabar ta canja riga, da yawa sun bar ƙwaya sun faɗa cacar ƙwallo a waya, rami ɗaya ne.

Wata rana za ka ga sabon mutum ya shigo yana zufa yana kallon ƙasa, ka ji ka matsa masa a benci tun ba a ce maka ba.

Ni Musulmi ne, abokina ne ya turo min. Zan iya zuwa?

Bismillah, ga wuri. Da sunan Yesu muke addu'a, ba ma ɓoyewa, amma ba wanda zai matsa maka ko ya sa maka sharaɗi kafin a raka ka asibiti. Tare muke layin ruwa a Agege, tare muke sayen ƙwayar a da.

Nawa ake biya, kuma me zan zo da shi?

Zaman zumunta ba a biyan komai, asibiti da wuraren kwanciya su kam da kuɗinsu, ka tambaya tun kafin ka je. In za ka ga likita ka riƙe kwalin ko ledar abin da kake sha, ka faɗi adadin gaskiya, kar ka rage don kunya, da shi zai san yadda zai yi da kai. In ka sha da safen ma ka zo a hakan, sai dai kar ka shigo zumunta da abin a aljihu saboda na kusa da kai yana iya zama kwanansa tara ke nan da dainawa.